Garwar da Na Kaɗa a Makare

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda ke kora gajimare inda Ya so, Ya sauke ruwansa inda Ya so, ba tare da Ya shawarci manomi ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Zuwa ga taubashina, ɗan kawuna, Labbo, a duk garin da wannan takarda ta iske ka cikin garuruwan Kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai gaisa ba, gaisuwa mai nauyin kai, wadda ta tsaya a bakin zaure tana jiran izini. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalin da aka ce mini ka yi a can, waɗanda ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi albarka, gero ya fitar da kai, Gulbin Rima ya cika bai yi ɓarna ba. Mahaifiyarka, Inna, tana nan da ranta, sai dai ƙafa da ido sun fara yi mata gardama.

Ka yi mini afuwa da na shimfiɗa wannan wasiƙa a shafina na intanet, inda kowa zai leƙa. Ba ni da lambarka. Duk wadda direbobin albasa suka kawo mini, in na kira sai in ji muryar wani. Amma na san direbobin nan suna karanta abin da nake rubutawa, kuma na san ɗayansu zai kai maka. Sannan abin da aka ɗora maka shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, a bainar jama'a aka ɗora shi. Bai kamata a sauke shi a cikin ɗaki ba.

Abin da zan fara da shi ka fi ni saninsa. Ka yi haƙuri in faɗa, saboda masu leƙen takardar.

Kogon Mai-Ɗigo yana nan inda ka bar shi, a gindin kwazazzabon da ke gabas da ƙauyenmu, bayan Marnona. Bakinsa bai fi ƙofar zaure ba. Rani da damina rufinsa na ɗiga, daga nan kakanni suka samo masa suna. In mutum ya shiga ya yi taku kamar ashirin a tsaye, sai rufin ya sauko ya tilasta masa rarrafe cikin taɓo. Wurin nan ne mahaifinka, Kawu Nomau, ke kira Maƙoshi. Bayan Maƙoshi ne ɗakin jemagu yake, kuma a ƙasan ɗakin abin da ke kai mu yake kwance: kashin jemage, baƙi, mai laushi, mai warin da ke raka mutum har gida ya kwana a rigarsa.

Gidan Kawu kaɗai ke ɗebo shi, kuma shi ne sirrin albasarsa. A ƙarshen damina ake yafa irin albasa a fangalin lambu don a sami dashe da wuri. Kawu ya yi imani cewa kashin da aka ɗebo da danshinsa, aka zuba a cikin makon, ya fi wanda ya daɗe a buhu ƙarfi. Saboda haka lokacin da muke shiga kogon shi ne daidai lokacin da bai kamata a shiga ba. Kawu bai jahilci wannan ba. Shi ya sa ya tsara aikin na mutum uku.

Shi ne na ciki. Yakan shiga da fitila da buhuna, igiya ɗaure a ƙugunsa. Kai ne na baki. Ɗayan bakin igiyar na hannunka, in ka fizga sau uku ya bar komai ya fito. Amma daga gindin kwazazzabo ba ka ganin sama sai tsiri ɗaya kamar zaren rawani, don haka ba ka da ikon sanin abin da ke tafe. Ni ne na bisa. Ina zaune a kan tudun marmara, inda ake hangen ƙasa har ta gaji, da tsohuwar garwar kananzir da sanda. In na ga hadari in kaɗa garwa, kai ka ji ka fizga, shi ya ji ya fito.

Duk ranar da za mu hau, sai Kawu ya riƙe kunnena kamar ban taɓa ji ba, ya ce: "Wanda ab bisa shi na idon kowa. In kag ga baƙi ga sama, ko ƙarshen duniya shike, kaɗa. Ban ce ka auna ba, ban ce ka yi wayo ba. Kaɗa kawai."

Kai kuma sai ka bi bayansa da taka. "Malamin baiti, hau bisa ka yi ma gajimare waƙa, masu ƙarhi su yi aiki." In ce maka bawana, ka ce mini bawanka. Har muka yi gemu ba mu daidaita a kan wane ne ubangijin wane ba.

Sau biyu a shekarun farko na kaɗa garwa, Kawu ya fito a guje da rabin buhu, hadarin kuma ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Ka yi mini dariya har ka zauna a ƙasa. Ka ce na fi akuya tsoron ruwa. Kawu bai yi dariya ba, cewa ya yi: "Haka nika so." Amma dariyarka ce ta zauna mini a rai, ba yabonsa ba. Ban faɗi wannan don in raba laifi da kai ba. Na faɗa ne don ka san irin kan da na hau tudu da shi a ranar.

Ranar nan da hantsi muka isa. Sama a kanmu wankakkiya ce, shuɗiya tas, rana tana dukan marmara har tana ƙamshi. Kawu ya yi bismilla ya shiga. Ka zauna a bakin kogon ka naɗe igiya a hannu. Na hau.

Ban daɗe da zama ba na gan shi. Can kudu maso gabas, a kan tudun da ke tsakaninmu da Rabah, hadari ya haɗo. Ya yi gini hawa bisa hawa, fari a ƙoli, baƙi ƙirin a gindi. Na ji cida daga nesa, ƙasa-ƙasa, kamar ana mirgina turmi a wani gida. Sai na ga ƙafafun ruwa sun sauko daga gindinsa sun taka ƙasa. Na gani da idona, Labbo. Ba gyangyaɗi na yi ba, ba juya baya na yi ba.

Abin da na yi shi ne abin da kowane ɗan manomi ke yi tun ya fara tafiya. Na jiƙa yatsa na ɗaga, na ji iska tana kora shi kudu. Na dubi ganyen sabara, su ma kudu suke kwantawa. Na ce a raina, wannan ba namu ba ne, ya wuce mu. Tambaya ɗaya muka gada game da hadari: zai zuba a gonata ko ba zai zuba ba? In zai zuba mu yi hamdala, in ba zai zuba ba mu ce Allah ya kai shi inda ake bukata, mu ci gaba da aiki. Da idon manomi na dube shi, kuma a ma'aunin manomi ban yi kuskure ba, don ko ɗigo bai taɓa ƙauyenmu a ranar ba. Amma ba gona aka sa ni tsaro ba. Kogo ba ya tambayar inda ruwa ya zuba. Tambayarsa ita ce inda ruwan zai bi bayan ya zuba. Duk ruwan da ya sauka a gefen tudun nan, kwazazzabonmu ne hanyarsa zuwa fadama, kuma wani kaso nasa yakan shige ta tsagar da ke bayan ɗakin jemagu ya fito ta bakin kogon.

Akwai abin da ya fi wannan muni, shi ne kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai a makon jiya. Hadarin ya yi mini kyau. Baiti ya zo mini, na zauna ina gyara shi:

Ga hadari can gabas, ya naɗa baƙin rawani,
Ya nufi gonar wasu, mu ya bar mu da gani.

Garwar tana tsakanin gwiwoyina. Da 'yan yatsuna nake taɓa ta a hankali, ina auna karin baitin, sanda kuwa tana ajiye a gefe. Na daɗe a haka. Tsawon lokacin ya isa Kawu ya fito, ya sha ruwa, ya ɗaura wa jaki kaya.

Ƙara na fara ji, kamar babbar mota tana hawan gada. Na miƙe na dubi saman kwazazzabon, na ga jan ruwa yana gangarowa, kansa ɗauke da karare da rassan itace, rana kuma tana haska shi. A lokacin na ɗauki sanda. Na kaɗa har garwar ta lotse, har mutanen da ke gonaki suka ji suka yo wajenmu.

Sauran kai ka gani kusa, ni daga bisa. Na ga ka fizga, ka sake fizga, ka kafa ƙafa a dutse kana ja. Na ga ruwa ya fito daga bakin kogon, da farko iyakar idon sawu, kafin in sauko rabin tudu ya kai maka ƙirji. Ya ɗauke ka ya buga da saiwar ƙirya, ka riƙe saiwar da hannu ɗaya, igiyar da ɗayan. Ba ka sake ta ba sai da maza uku suka ɓamɓare yatsunka. Tafin hannunka ya saɓule.

Bayan kwana biyu ruwa ya janye. A Maƙoshi aka sami Kawu, igiyar tana ƙugunsa. Ya taso, ya kamo hanya, wurin rarrafen ne ya riga shi cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan nan ya zama wankan zunubansa.

A zaman makoki maganar ta ginu, ba tare da kowa ya yi niyyar gina ta ba. Kowa ya ji garwa. Saboda haka na bisa ya yi aikinsa. In na bisa ya kaɗa, na ciki bai fito ba, to saura wa? Wani ya ce wataƙila ka yi gyangyaɗi. Wani ya ce an taɓa ganinka ka ɗaure igiyar a dutse ka zagaya. Kafin sadakar bakwai, "wataƙila" ta faɗi a hanya, maganar ta tsaya da ƙafarta. Ina zaune a tabarma ɗaya da masu faɗa. Har dafa ni suke yi suna cewa ai ni na yi iyakar ƙoƙarina. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka baƙin ciki ne.

Kai kaɗai ka san tsakanin ƙarar garwa da isowar ruwa bai kai a karanta Fatiha uku ba. Ka san wanda ke bisa ba zai rasa ganin hadarin da ya tara wannan ruwa ba. Ka dube ni sau ɗaya daga ɗaya gefen rumfar, hannayenka naɗe da tsumma. Na jira ka yi magana. Da ka yi, da na huta tun a lokacin. Ba ka yi ba.

Bayan arba'in ka bi motar albasa. Na raka ka Achida. Da ka taka tayar motar za ka hau bisa buhuna, ka juyo ka ce: "Bawana, ka kula min da tsohuwa." Shi ke nan abin da na samu daga bakinka.

Na kula da ita, gwargwadon iko. Rumbunta bai taɓa yin kango ba, dangarta ba ta taɓa kwanciya ba. Mutane suna yaba mini a kan haka, ni kuma kowane yabo sai ya sauka mini kamar garwashi a aljihu. Na yi aure, na haifa, na koyar a makarantar firamare har gashina ya yi fari, ana gayyatata walima in karanta baitoci. A duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya sake shiga Mai-Ɗigo, sai na ce wa kaina shiruna ba ya cutar da kowa sai wanda ya riga ya yi nisa. Ka ga irin hukuncin da mutum ke yanke wa kansa in shi ne alƙali.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu.

Takin zamani ya yi tsadar da masu lambu ba sa iya kallonsa. Ka tuna Arzika, ɗan maƙwabcinku, wanda ka bari yana tallar gyaɗa? Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya biyar, shi ne kuma jagoran masu albasa na unguwarmu, mutum mai hankali da ladabi. Shi ya tuna da kogon. A watan jiya shi da mutum biyu suka shiga, suka fito da buhu huɗu lafiya. Fangalin da suka zuba wa ya yi kore har yana ɗaukar ido. Sai sauran suka ce su ma. Aka shirya mutum tara za su shiga tare, a cikin wannan wata, sama tana haɗa hadari kusan kowace la'asar.

Na same shi a lambunsa na yi masa magana. Ya tsuguna ya saurare ni har na gama. Sannan ya ciro waya ya nuna mini hoton rana a kan sunan Wurno, ya ce: "Baba Malam, ka gani, ba ruwa yau, ba ruwa gobe. Kuma muna da hitila ta goshi, ba irin taku mai ƙwai ba." Na ce masa wayar tana faɗin abin da zai sauka a kanka ne, ba abin da zai biyo ta ƙarƙashinka ba. Ya yi murmushin da ake yi wa dattijo mai son zance. Sai ya ƙara da cewa: "Ai tsarin marigayi ba shi da aibi. Kowa ya san mi yaf faru. Mai igiya na yay yi sakaci. Mu wanda za mu aza ga igiya ba shi barci."

A nan na ga abin da shiruna ya haifa. Ƙaryar da na bari ta zauna ba ta tsaya a kanka kaɗai ba. Ta girma ta zama hujja. Mutum tara za su rarrafa ta Maƙoshi ɗaya bayan ɗaya, suna dogara da cewa abin da ya kashe Kawu barcin mutum ɗaya ne, alhali abin da ya kashe shi hadari ne da ido biyu ya gani ya ce ba namu ba ne. Kuma duk wanda za su ɗora a kan tudu ɗan manomi ne kamata. Zai jiƙa yatsa ya ɗaga.

Ranar Juma'a na nemi izinin liman. Bayan an sallame na miƙe a gaban sahu. Ni da na saba tsayawa gaban jama'a da takarda a hannu, ranar nan ba takarda, ba baiti, ba ado. Na ce na ga hadarin tun yana haɗowa. Na ce na ga ruwa yana sauka a tudun Rabah na zauna. Na faɗi abin da nake yi da garwar. Na ce Labbo bai yi barci ba, bai saki igiya ba, ya fizga a daidai lokacin da ya ji, ni ne na jiyar da shi a makare. Na ce ya san haka tun ranar, ya rufa mini asiri, ya ɗauki kayana ya tafi da su.

Wani dattijo daga cikin waɗanda suka ɓamɓare yatsunka ya ce, "Allah shi gahwarta muna, mu ma mun ci naman yaron ga." Wasu suka fita ba su ba ni hannu ba, kuma har yau akwai wanda in na yi masa sallama yakan amsa wa ƙasa. Ban ga laifinsu ba.

Washegari da safe Arzika ya yi sallama a ƙofar gidana. Bai rarrashe ni ba, bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi: "Baba Malam, tashi ka gwada muna inda kaz zamna."

Na hau tudun nan karo na farko tun ranar, su tara suna biye. Gwiwa ta ba ni wuya. Na nuna musu inda hadarin ya tsaya, na bi da yatsa yadda ƙananan kwazazzabai ke gangarowa suna haɗuwa kamar jijiyoyin bayan hannu, har su zama namu. Daga nan muka sauka bakin kogon. Ban bar kowa ya wuce taku goma ba. Na ce Arzika ya haska rufin da fitilarsa. Akwai karan gero da tsummoki da ledoji maƙale a tsagogin rufin, sama da kan mafi tsawonmu. Na ce su duba ledar nan, ba ta zamaninmu ba ce, ta bana ce ko ta bara. Ba jemage ya kai ta can ba.

Na gaya musu sauran abin da Kawu ya koya mana, wanda ka fi ni riƙewa. Cewa in ɗigon rufin ya sauya daga fari zuwa ja, ruwa ya riga ya kama hanya. In iska mai sanyi ta huro daga ciki zuwa waje, ko jemagu suka rikice da rana tsaka, ko aka ji ƙamshin sabuwar ƙasa a inda ba a saba ji ba, to ba lokacin ɗaure buhu ba ne. Na kuma gaya musu abin da Kawu bai faɗa ba, ni na koya da tsada: duk waɗannan alamu na wanda ya riga ya makara ne. Mutum ɗaya yana bukatar lokaci kafin ya ratsa Maƙoshi, mutum tara kuwa sai sun yi layi, na ƙarshe yana jiran takwas. Ruwan da ya sauka jiya a tudu yana iya isowa yau. Waya ba ta kamawa a ciki, fitila ba ta hana nutsewa, ƙarfin iyo ba ya aiki a inda ba sarari tsakanin ruwa da rufi. Kogo mai ɗigo ba a shigarsa da damina, ko da wa ke bisa, ko da wa ke riƙe da igiya.

Sun yarda za su bari sai ruwa ya ɗauke, an gama girbi, kwazazzabon ya bushe har ƙasa ta tsage. A lokacin za su ɗebo, su rufe hanci da ƙyalle, su adana a inuwa har shekara ta zagayo. Irin bana kuwa da kashin awaki da toka za su rene shi. Ba zan ce maka duka sun gamsu ba. Biyu daga cikinsu har yanzu suna gunaguni cewa dashensu zai makara, kasuwa ta wuce su, kuma gaskiya suka faɗa, zai makara. Arzika ya sa an toshe bakin kogon da ƙaya, ya ce wanda ya janye ta shi da shi ne.

Saura Inna.

Labarin ya riga ni isa gidan. Kwana uku ina zuwa gaishe ta, ana ce mini tana kwance. Abincin da aka kai daga gidana ya dawo a rufe. A rana ta huɗu ta aiko a kira ni. Na same ta a bakin ɗakinta tana tsinkar zogale. Na tsuguna nesa. Ka san ba ta taɓa zarginka da baki ba, amma ka kuma san ba ta taɓa aika maka cewa ka dawo ba. Wannan shi ne abin da ke cinta yanzu, ya fi abin da na yi cinta.

Da ta yi magana, cewa ta yi: "Ummaru, tsakanina da kai sai na yi tunani, ban gama ba. Amma ɗiyana na bari shina yawo cikin ƙasar mutane da abin da bai yi ba. Kai da ka iya rubutu, rubuta mishi. Ka ce ni ta. Ka ce ban iya zuwa inda shike, shi taho in ga hannuwan nan."

To, na rubuta, Labbo. Ban ƙara a maganarta ba, ban rage ba.

Ni ba na roƙon ka dawo domina. Ba na ma roƙon ka yafe mini a cikin wannan takarda, don yafiya ba abin da ake nema daga nesa ba ne, a gaban mutane, inda kunya za ta iya tilasta maka. In ka zo, zan zo inda kake in tsuguna, ka faɗi abin da ka ga dama, ko ka yi shiru irin wanda ka yi a rumfar makoki, duk zan ɗauka. Shekarun da na ci maka ba ni da inda zan samo su. Ka binne ƙuruciyarka a kasuwannin da ba a jin harshenka, 'ya'yanka sun tashi ba su san ɗanɗanon ruwan rijiyar gidanku ba, ni kuma ina nan ina shan inuwar da kai ka dasa. Abin da na iya mayarwa shi ne sunanka, na kuma mayar da shi a inda aka ɓata shi. Yanzu in an ambace ka a majalisa, cewa ake yi mutumin da bai saki igiya ba.

An share ɗakin Kawu. Inna ta sa an sake masa daɓe, ta hana kowa ajiye kaya a ciki. Kullum in ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida sai ta bar abin da take yi ta saurara. Idonta ba ya gani nesa, saboda haka in ka iso kada ka tsaya daga bakin zaure. Ka matsa kusa, ka miƙa mata hannu.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawu Nomau, Ka yalwata masa kabarinsa fiye da yadda Maƙoshi ya ƙuntata masa. Ka tsare masu neman halalinsu a cikin ramuka da koguna da gindin duwatsu, Ka ba wanda aka ɗora tsaro ikon yin ihu da wuri, ko da za a yi masa dariya. Ka ƙara wa Inna kwana har ta ji sallamar ɗanta. Ka sauƙaƙa wa Labbo hanya, Ka sanyaya masa zuciya, Ka saka masa da abin da ni ba zan iya ba. Ni kuma Ka yi mini da sauƙi ranar da ba mai rufa wa wani asiri sai Kai. Amin.

Wassalam.

Naka, wanda a yau ya yarda shi ne bawan,
Ummaru.